Ƙahon Babur ɗin Mu'azu Kwamanda

A shekarar da sojoji suka tattara komatsansu suka koma bariki, duk Gyadi-Gyadi babu wanda ya kai Mu'azu Kwamanda murna. Abin ya ba mutane mamaki, domin shekara da shekaru shi ne yake cika musu kunne da labarin zamansa a soja. In ka kuskura ka zauna kusa da shi a teburin mai shayi, sai ka ji yadda ya tuƙa tankar yaƙi da hannu ɗaya yana shan rake da ɗayan. Waɗanda suka san asalin maganar sun ce iyakar aikin sojan da ya taɓa yi shi ne kai wa wani kofur kalanzir a bayan babur, shi ma a bakin ƙofa aka karɓe aka ce ya ɓace. Sana'arsa ta gaskiya acaɓa ce, da ita yake ciyar da kansa da matarsa Lami.

Da aka yi zaɓe, Alhaji Inuwa mai shagon siminti ya ci kansila, sai Mu'azu ya wayi gari tsohon ɗan gwagwarmayar farar hula.

"Ni na kawo Alhaji," yake faɗa. "Ranar rantsuwa ni zan shige gaban jerin gwanonsa. Daga nan shugaban tsaro da zirga-zirga. Daga nan kuma ku riƙa nemana ta hannun sakatare."

Matsala ɗaya ce. A ganinsa babur mai taya biyu ba ya shiga gaban manya. Don haka ran nan ya je wurin wani dillalin gwangwan a hanyar Zariya, ya ba da babur ɗinsa na acaɓa, lafiyayye, aka musanya masa da wani babur mai taya huɗu, gajere, mai faɗi, wanda aka kwaso daga wata gonar Turawa da ta mutu. A kan kura aka turo shi har ƙofar gida.

Lami ta leƙo daga zaure. "Malam, ina babur?"

"Ga shi nan, an yi masa ƙarin girma."

"Wannan kwaɗon?"

"Ki iya bakinki, kayan gwamnati ne nan gaba."

"To cefanen gobe fa?"

"Ke da gwamnati za ta fara ciyarwa kike maganar cefane?"

Maƙwabcinsu Baba Ishaku, tsohon malamin makaranta ɗan kudancin Kaduna da ya yi ritaya, yana zaune a kujerarsa ta ƙofar gida da rediyo a cinya. Ya rage muryar rediyon, ya gyara tabarau.

"Kwamanda, wannan injin ban ruwa ne ko na niƙa?"

"Baba, ka yi karatu amma ba ka yi yawo ba. Wannan yana hawa dutse, yana ratsa yashi, yana tsallake kogi."

"Madalla. To me ya hana shi zuwa da ƙafarsa?"

Abin da ya hana shi kuwa a fili yake. Inji yana tashi, tayoyi suna da iska, amma ƙahon, wato ƙarfen nan da ake riƙewa a tuƙa, ya karye, saura wani ɗan guntu kamar kututturen rake.

Washegari Mu'azu ya nufi Unguwa Uku, shagon Anayo mai kayan babur. Anayo haifaffen Kano ne, Hausa a bakinsa ta fi ta wasu masu ita. Ya saurari bayanin, ya ce Mu'azu ya miƙo hannuwa gaba. Ya dubi faɗin kafaɗarsa, ya shiga ciki ya fito da wani baƙin ƙaho mai kauri, marar ado.

"Oga Mu'azu, wannan ne naka. Ya ɗan fi kafaɗarka faɗi, in ka riƙe gwiwar hannunka za ta ɗan lanƙwasa, kaurinsa zai cika mazauninsa, kuma kebur na birki da na totur za su kai ba tare da an ja su ba."

Mu'azu ya juya shi yana yatsina. "Wannan muciyar? Da ita zan shige gaban kansila? Anayo, ka raina dimokuraɗiyya."

Idonsa ya faɗa kan wani siririn ƙaho a rataye, fari fat, yana ƙyalli.

"Sauko min da wancan."

"Na keken 'yan makaranta ne."

"A hannunka na keke ne. A hannuna zai san ya zo wurin manya."

"In ya lanƙwashe kada ka dawo min da shi."

"In ya lanƙwashe ka canja min suna."

Da aka zo ɗaurawa, ƙahon ya yi wa mazaunin siranta, yana yawo a ciki kamar cokali a kofi. Mu'azu ya yanka gwangwanin madara ya cusa, ya ɗaure noti, ya ce haka ake yi wa tanka. Jama'a suka taru. Ya hau, ya tayar, ya danna totur da babban yatsa, domin na wannan babur dannawa ake yi ba murɗawa ba. Abin ya yi gurnani ya tafi. Mu'azu ya ɗaga haɓa, yana kallon mutane ta gefen ido. Bai kai ƙarshen layi ba tayar gaba ta faɗa rami. Nauyinsa duka ya tafi kan hannuwa, ƙaho ya lanƙwashe ta gefe biyu ya zube ƙasa kamar kunnen akuya. Kwamanda ya kwanta rub da ciki a kan tanki, haɓa a kan murfin mai, gindi a sama, babur kuwa bai fasa tafiya ba. Mai ƙosai ta sungumi kaskonta ta yi cikin gida tana salati. Tulin yashin wani mai gini ne ya yi wa unguwa ceto.

Aka zaro shi yana tofar da yashi.

"Ya jiki, Kwamanda?" in ji Baba Ishaku.

"Gwaji na yi. Ƙarfen ya faɗi jarrabawa."

"Na ga kuma yana ratsa yashi, kamar yadda ka faɗa. Ya ratsa har wuya."

Mu'azu bai kwana biyu ba ya gano inda kuskuren yake. Babban mutum ba ya riƙe ƙaho, sitiyari yake riƙewa. Ya samo sitiyarin wata matacciyar bas, ya tura babur har rumfar Sani mai walda a Tarauni.

Sani ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dubi sitiyarin, ya dubi mai shi. "Kwamanda, birki da totur a ina za su zauna?"

"Ɗaure su."

"A jikin me?"

"Kai mai walda ne ko ɗan jarida? Liƙa kawai."

Sani ya liƙa. Aka ɗaure totur a jikin sitiyari da robar tsohon tif, birki kuwa aka bar shi yana reto a gefe kamar jakar mai bara. Maɓallin kashe inji ya tafi da tsohon ƙaho, sai aka murɗe wayoyin biyu aka tura su can ƙarƙashin tanki. Mu'azu ya cika tanki taf da man 'yan bumburutu, a lokacin da mutane ke kwana a layin gidan mai, ya ce a filin ƙwallo zai yi gwaji, kada ramukan gwamnatin soja su sake yi masa zagon ƙasa.

Yana tayarwa ya murɗa sitiyari da ƙarfi irin na direban tirela. Robar ta naɗe, ta danne totur ta ƙi saki. Sitiyarin da aka liƙa a karkace ya cije a gefe guda. Babur ya ɗauki kewaye, ya zana da'ira a tsakiyar fili, ya ci gaba da bin ta kamar jakin da aka ɗaure a turke. Mu'azu ya kai hannu zai cafko birki, birki ya yi lilo ya guje masa.

Kafin a jima fili ya cika. Mai gyaɗa ta zo, mai rake ya kafa baro. Baba Ishaku ya sa aka ɗauko masa kujerarsa, ya zauna daidai inda babur yake giftawa. Hirar tasu sai ta zama kalma ɗaya a kowane zagaye.

"Baba, ku tare shi!"

Ya wuce. Ya zagayo.

"Da me?"

Ya wuce. Ya zagayo.

"Da komai!"

"Ai kai ne ka tuƙa tanka!"

"Wannan ba irinta ba ce!"

"Saki hannu ɗaya mana, ga rake!"

Wani ya jefa masa igiya, ta naɗe a wuyansa, ya tafi da ita. Wani ya ce a watsa wa inji ruwa, aka watsa, Mu'azu ya jiƙe sharkaf, inji ko tari bai yi ba. Aka kira azahar, mutane suka je suka yi salla suka dawo suka tarar da shi inda suka bar shi. Sai da mai ya ƙare tas sannan babur ya yi atishawa ya tsaya. Kwamanda ya sauko, ya yi zagaye biyu da ƙafarsa a kan da'irar nan kafin ya zube.

Da ya farfaɗo, abin da ya fara faɗa shi ne, "Sintiri nake koya masa."

A gida Lami ba ta yi dariya ba. Tukunya ta kwana biyu a kife, abin da suke ci daga gidan yayarta yake zuwa a ɓoye cikin kwano.

"Ka mayar musu da kwaɗonsu ka karɓo babur ɗinka."

Ya koma wurin dillalin a sace, ba tare da ya gaya wa kowa ba. Dillali ya ce babur ya daɗe da tafiya ƙauye. Ya dawo ya ce wa Lami shi ne ya ƙi karɓa.

"To ka ji," ta ce. "In ranar rantsuwar nan ta wuce babu abin da ya shigo gidan nan, ni da akwatina sai Unguwar Gano, gidan Babanmu. In sakatarenka ya samu lokaci ya zo biko."

Maganar ta shige shi, amma ta inda ba a so. Ya kwana yana tunani, ya tashi da sabuwar fahimta: duk abin da ya same shi ƙanƙantar ƙaho ce ta jawo. Abin da ake bukata shi ne ƙahon da za a hango daga nesa a san gwamnati ce tafe. A tsakar gidansu akwai famfon da rabonsa da ruwa har an manta. Mu'azu ya ɗauki diga ya tone bututun ƙarfen, ya saɓa a kafaɗa sai rumfar Sani.

"Lanƙwasa min shi. Tsayi ya wuce kaina. Faɗi kuwa, iya tsawon hannuwana ka ƙara."

"In na ƙara da me za ka riƙe?"

"Da ƙwarewa."

Sani ya yi aikinsa. Abin da ya fito ya fi kama da ƙofar shiga filin taro. Aka ɗaura madubai huɗu, aka soke tutoci a kowane gefe, aka rataya fostar Alhaji Inuwa a tsakiya, daidai inda ya kamata direba ya riƙa ganin hanya. Da aka zo kan kebur sai ga shi bai kai ko rabi ba. Na birki aka yi masa ƙari da na keke. Na totur aka ja shi da ƙarfi har ya miƙe kamar tsirkiyar garaya.

Sani ya taɓa shi da yatsa, ya yi ƙara. "Kwamanda, ka ji abu ɗaya. Muddin ka karya hagu, kebur ɗin nan zai ja totur da kansa."

"To wa ya ce zan karya hagu? Jam'iyyarmu ba ta bin hagu."

Anayo, da ya kawo wa Sani saƙo, ya tsaya ya zagaye babur ɗin a hankali. "Oga Mu'azu, wane suna ka ce in canja maka?"

"Jira ranar rantsuwa, kai da kanka za ka ce ranka ya daɗe."

Ranar rantsuwa ta zo. Ƙofar gidan Alhaji Inuwa ta cika da motoci da makaɗa da 'yan jam'iyya, kowa cikin fararen kaya. Alhaji kansa ya fito cikin babbar riga ta farar shadda da ta sha bugu, tana ɗaukar ido. Babu wanda ya gayyaci Mu'azu, amma da ya iso cikin kakin gwanjo da baƙin gilashi, a kan wannan abu mai tutoci, babu wanda ya san ta inda zai fara hana shi. Hannuwansa a sama suke, a buɗe, da ƙyar yatsunsa suka kamo bakin bututun.

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. "Wayyo, wa ya tsare bawan Allah da bindiga?"

Alhaji ya ce, "Mu'azu, wannan fa?"

"Ranka ya daɗe, tsaro ne. Ku biyo ni kawai."

Aka ɗau hanya. Da farko abin ya yi kyau, domin titin a miƙe yake, mutane kuwa suna darewa don tsoron kada bututu ya kwashe musu ido. Bututun ya tafi da hular wani ɗan kasuwa, ya tafi da igiyar shanya da zannuwa biyu, Mu'azu kuwa duk ya ɗauka murna ce ake yi masa. Kusa da Tarauni sai aka tarar da cunkoso, motocin wasu kansilolin sun toshe titi, lokaci kuwa yana tafiya.

Mu'azu ya waiwayo ya ƙwala wa direban Alhaji kira. "Akwai yanke! Na san lungunan nan kamar aljihuna!"

Lungun yana hagu.

Yana karya ƙaho, kebur ya ja, babur ya zabura kamar an tsikare shi, ya faɗa lungu a guje. Direban Alhaji ya ga Kwamanda ya ba da wuta, ya ɗauka hanya ce a buɗe, ya bi shi. Sauran motoci suka bi sahu, makaɗa a bayan akori-kura suna ta zuba kiɗa. Lungun nan bakinsa ne kawai mai faɗi. Ana tafiya yana tsukewa, ana tafiya yana tsukewa. Mu'azu ya matsa birki, kebur ɗin keke ya ce tas, ya tsinke. Ya buɗe baki zai yi salati, sai ji kake ƙarau! Ƙahon hagu ya nutse a katangar ƙasa, na dama ya sarƙe a ƙarfen tagar wani gida. Babur ya tsaya cak, Kwamanda a rataye a tsakiya, hannun rigarsa a maƙale ta kowane gefe, kamar fatar da aka shanya.

Inji kuwa bai mutu ba. Totur yana danne har ƙarshe, tayoyin baya kuma sun sauka daidai cikin wata kwata da ta shekara ba a yashe ba.

Motar Alhaji ta ci birki a bayansa. Gaba babu hanya, baya motoci sun cushe. Alhaji ya buɗe ƙofa ya fito, ya tattare babbar riga, ya tako don ya ga abin da ya faru. A daidai lokacin tayoyin suka kamo ƙasan kwatar.

Abin da ya tashi sama a lungun nan, waɗanda suka gani har yau ba sa son a tuna musu suna cin abinci. Baƙin ruwa mai kauri ya yi feshi kamar an buɗe famfon kashe gobara. Ya sami Alhaji tun daga hula har takalmi. Ya sami shugaban jam'iyya da ke bayansa. Maroƙin da ya wage baki yana cewa "Farin wata sha kallo" bai kai ƙarshen kirarin ba, ya rufe baki da abin da ya samu a ciki. Makaɗa suka tsaya. Matan lungu suka hau katanga suna guɗa, ba a san ko ta murna ce ko ta mugunta ba.

"Kashe shi! Kashe shi!" Alhaji yake ihu, yana kare fuska.

Wasu 'yan jam'iyya suka ɗauka Mu'azu ake nufi, suka fara neman sanda.

"Ranka ya daɗe, an yi mana zagon ƙasa!" in ji Mu'azu daga inda yake rataye. "Ragowar sojoji ne!"

Ana cikin haka sai ga Lami ta ɓullo ta ɗaya bakin lungun, akwati a ka, ta kama hanyar Unguwar Gano tun ba a kai ga yamma ba. Ta tsaya ta dubi mijinta a shanye tsakanin katanga biyu. Ta sauke akwati, ta sunkuya ta gefen tanki, ta murɗe makunnin mai kamar yadda take kashe risho. Inji ya yi 'yar shaƙuwa ya mutu. Lungu ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga hular Alhaji.

"Lami," ya ce a hankali, "sauko da ni."

"Kira sakatare," ta ce.

A ƙafa Alhaji Inuwa ya fita daga lungun. A wani gida aka ba shi ruwa a bokiti da aron riga wadda ba ta rufe masa gwiwa ba, ya hau acaɓa ya tafi aka rantsar da shi a ƙarshen kowa, mutanen da ke kusa da shi suna ta matsawa. Kwamanda kuwa sai da aka aiko Sani da zarto ya yanke bututun sannan aka sauke shi, hannuwansa suka wuni a sama sun ƙi saukowa.

Washegari Alhaji ya aika a kira shi. Mu'azu ya tafi yana ta karanto duk addu'ar da ya sani, Lami na biye da shi don ta ga ƙarshen abin, Baba Ishaku na biye da ita don kada a ba shi labari. Suka tarar da dattawan lungun nan a zaure. Ashe ba ƙara suka kawo ba, godiya suka zo yi. Kwatar da suka gaji da kai kuka a kanta ta zuƙe tas, ruwa yana gudu, sun ce ba su taɓa ganin kansilan da ya fara aiki tun kafin a rantsar da shi ba.

Alhaji ya daɗe yana kallon Mu'azu.

"Tunda abin da ka iya ke nan," ya ce, "daga yau duk kwatar da ke mazaɓar nan taka ce. A ɗaura wa abin nan naka kura a baya, ka riƙa kwashewa. Za a riƙa ba ka ɗan abin cefane, amma a hannun matarka."

"Ranka ya daɗe, da wane muƙami?"

"Kira kanka abin da ka ga dama, ka dai tsaya nesa da ni."

Lami ta mayar da akwati ɗaki, bisa sharaɗin a zaure zai riƙa wanka kafin ya shigo. Tun daga ranar babu wanda ya sake jin sunan Kwamanda a bakinsa, ya koma Darakta. Kullum da yamma za ka gan shi tafe a kan babur mai taya huɗu, kura a baya cike da abin da ya yaso, ƙudaje na yi masa rakiya, mutane na tsallakewa gefen titi suna toshe hanci.

Ran nan ya tsaya a ƙofar gida, ya kashe inji, ya dubi maƙwabcinsa cike da alfahari.

"Baba, ka ga yadda jama'a ke darewa in na taho? Ko Alhaji ba a ba shi hanya haka."

Baba Ishaku ya ja bakin rigarsa ya rufe hanci.

"Gaskiya ne, Darakta. Tun kana Tarauni muke sanin ka taso."